Kai mai wat 300 da lasifika 16: yadda Ampeg ya haɗa SVT da akwatinsa

A ƙarshen shekarun 1960, mai kaɗa jitar bes a Amurka da Ingila yana cikin tsaka mai wuya. Wasannin kiɗan rok sun tashi daga ƙananan kulob-kulob sun koma manyan zauruka da filayen wasa masu cin dubban mutane. Masu jita sun samu Marshall mai wat 100 tun 1965, mai ganga yana duka iya ƙarfinsa, na'urorin sautin zaure kuwa a wancan zamani murya kawai suke ɗauka, ita ma da ƙyar. Duk abin da 'yan kallo za su ji na bes, daga akwatin da ke bayan makaɗin zai fito. In akwatin ya gaza, to an rasa bes a wasan ke nan.

Kamfanin Ampeg na garin Linden a jihar New Jersey ya riga ya yi suna a wannan harka. Everett Hull, wanda makaɗin jaz ne, shi da Stanley Michaels suka aza tubalinsa a 1946. A 1960 injiniyansu Jess Oliver ya fito da B-15, ƙaramar amfilifaya mai wat 25 zuwa 30 da lasifika ɗaya mai inci 15, wadda har gobe masu ɗaukar sauti a situdiyo suna ji da ita. Amma B-15 ta ɗaki ce. A kai ta babban zaure, ko makaɗin ba zai ji kansa ba. Shi kuwa Hull bai taɓa ɓoye ƙyamarsa ga rok da hayaniyarsa ba. Sai da aka sayar da kamfanin ga Unimusic a 1967, Hull ya bar aiki a shekarar da ta biyo, sannan hanya ta buɗe. A 1969, wajen baje kolin kayan kiɗa na NAMM a Shikago, Ampeg ya nuna SVT: kai mai wat 300, aikin Bill Hughes da Roger Cox, tare da akwatuna biyu, kowanne ɗauke da lasifika 8 masu inci 10.

Ga wanda bai saba ba, masu bes kan raba kayansu gida biyu. Kai shi ne amfilifaya zalla, mai maɓallan sauti a gaba, babu lasifika ko ɗaya a jikinsa. Akwati kuwa katako ne da lasifikoki a ciki, ba shi da wata wuta sai wadda kai ya aiko masa. Na ɗauko SVT ne domin tare aka tsara ɓangarorinsa biyu, kuma kusan duk lambar da ke jikin ɗaya tana da dalilinta a jikin ɗayan. Yau mutum kan sayi kai a nan, ya sayi akwati a can, tambayarsa ta farko kuma ita ce wat nawa. In aka bi diddigin SVT, za a ga wannan tambaya a baya take zuwa.

Aikin da aka ɗora wa akwatin

Tsirkiyar bes mafi kauri tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Ta jita ta yau da kullum sau 82 take yi. In bes ɗin mai tsirkiya biyar ne, ta ƙasan tana sauka har zuwa sau 31. Ita lasifika ba ta da wani aiki sai tura iska gaba da baya, kuma a nan wahalar take: duk lokacin da saurin kaɗawar sauti ya ragu da rabi, sai takardar lasifika ta ninka tafiyarta sau huɗu kafin ta ba da ƙara daidai da ta farko. Ga shi kunnen ɗan Adam ba ya kama sautin ƙasa kamar yadda yake kama na tsakiya. Shi ya sa wat 50 ke isar mai jita ya cika wuri, mai bes kuwa yana neman ninkin haka sau da yawa.

Hanya biyu ce: ko manyan lasifikoki kaɗan, ko ƙanana da yawa. Kamfanin Acoustic, wanda samfurinsa na 360 ya riga SVT fitowa da kaɗan, ya bi hanya ta farko, lasifika ɗaya mai inci 18 a cikin akwati mai naɗaɗɗen ƙaho, da wat 200 na taransista. Ampeg ya bi ta biyu. Faɗin takardar lasifika mai inci 10 bai wuce santimita murabba'i 340 ko kusa da haka ba. A haɗa guda 8, an samu wajen 2,700. Lasifika mai inci 15 tana da kusan 850, mai inci 18 kusan 1,200. Ke nan akwati ɗaya na SVT ya ɗara masu inci 15 guda uku, ya kuma ɗara masu inci 18 guda biyu wajen faɗin abin da ke tura iska. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Bayan haka ƙaramar takarda ta fi babba iya fitar da sautin tsakiya, wato ƙarar yatsa a kan tsirkiya da bakin kowane sauti, abin da ke sa a gane abin da makaɗi ke kaɗawa maimakon a ji gurnani kawai. Tsayin akwatin inci 48 ne, kusan mita 1.2, don haka lasifikokin sama suna kusa da kunnen mai kaɗawa, ba gwiwoyinsa suke yi wa kiɗa ba. Makaɗa suna ce masa firij saboda siffarsa da nauyinsa, wanda a samfurin yanzu ya haura kilo 60.

Akwai wani abu da ba a gani daga waje. Cikin akwatin an raba shi ɗaki huɗu, kowane ɗaki da lasifika biyu, kuma a rufe yake ruf, babu ramin fitar iska. Wannan yana da sakamako biyu. Na farko zai ba mutum mamaki: akwatin bes mafi shahara a duniya ba ya sauka ƙasa sosai. A takardar bayanin SVT-810E, samfurin firij na yanzu, sautinsa ya fara raguwa da desibel 3 (desibel ma'aunin ƙara ne) tun a Hz 58, wato kaɗawa sau 58 a daƙiƙa, kafin a kai Hz 40 kuwa ya ragu da desibel 10. Wato asalin sautin tsirkiya mafi kauri kusan rabinsa ne kawai ke fita yadda kunne ke auna ƙara. Abin da ke fita da ƙarfi shi ne 'ya'yan sautin, wato ninkin-ninkinsa da ke fita tare da shi, na Hz 82 da 123 da sama, ƙwaƙwalwa kuma ita ke cike gurbin uwar. A babban zaure mai amsa kuwwa wannan riba ce, domin sautin ƙasa-ƙasa shi ke taruwa ya dagula komai. Na biyu, iskar da ke kulle a bayan takarda tana riƙe ta, ba ta barin ta yi tafiyar da ta wuce kima ko da an aiko mata da sautin da ya fi ƙarfinta zurfi. Akwati mai rami ba haka yake ba. Ramin yana taimakonsa ya sauka ƙasa, amma da zarar sauti ya sauka ƙasa da inda aka saita ramin, takardar ta rasa abin da ke riƙe ta, sai ta yi ta lilo. Wannan na cikin dalilan da firij ke jure dukan shekaru a hannun kamfanonin hayar kaya.

Lissafin om

Om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke son ratsa ta. In lambar ƙarama ce, wuta mai yawa ke wucewa. Ana haɗa lasifikoki iri biyu. Akwai haɗin sarƙa, inda wuta ke fita daga wannan ta shiga waccan, a nan ana tara lambobin ne: biyu masu om 8 su ba da 16. Akwai kuma haɗin kafaɗa da kafaɗa, inda kowacce ke shan wuta kai tsaye daga waya ɗaya, a nan ana rabawa ne: biyu masu om 8 su ba da 4. Ramuka biyu da ke bayan yawancin kawuna da akwatunan bes haɗin kafaɗa da kafaɗa ne, ko da mutum ya jona akwati na biyu a bayan na farko yana ganin kamar sarƙa ya yi.

Lasifikokin firij kowacce om 32 ce, lambar da ba kasafai ake samu a kasuwa ba. An haɗa duka 8 kafaɗa da kafaɗa, 32 a raba da 8, an samu om 4. Akwati biyu kuma om 2. Ribar wannan tsari ita ce in ɗaya ta ƙone ta yanke, sauran 7 suna ci gaba da aiki, jimillar kuma ta tashi zuwa 4.6 kawai, wanda kan ba zai ma damu ba.

To me ya sa 4 da 2 suke da muhimmanci haka? Saboda SVT na bawul ne, irin kwalaben gilashin nan na tsohuwar rediyo. Na farkon yana da bawul 14, shida daga ciki su ke ba da ƙarfi. An fara da samfurin 6146B, ba da jimawa ba aka koma 6550. Waɗannan bawul suna aiki da wuta mai kusan bolt 700 amma kwararar ta kaɗan ce, lasifika kuwa akasin haka take so, bolt kaɗan da kwarara mai yawa. Wat 300 a kan om 4 yana nufin kusan bolt 35 da kwarara mai amfiya kusan 9. Abin da ke tsakaninsu yana juya wannan zuwa wancan shi ne taransifomar fita, kuma ita da taransifomar wuta su ne mafi yawan nauyin kan, wanda ya doshi kilo 40. Taransifomar fita kamar giyar mota take: injin yana da zangon da yake jin daɗin aiki, giya ce ke daidaita shi da nauyin da ake ja. SVT na asali giya biyu gare shi, ta om 4 da ta om 2. Akwati ɗaya, ko akwati biyu. Ba a yi masa ta om 8 ba. A tsofaffin, da zarar an cusa jak a rami na biyu sai na'urar ta sauya zuwa om 2 da kanta. A SVT-CL na baya-bayan nan maɓalli ne a baya, mutum zai sauya da hannunsa, kuma a tuna a sauya kafin a kunna.

In giya ta dace da kaya, amfilifayar bawul tana ba da cikakken ƙarfinta ko a wace giya. SVT wat 300 ne a om 4, wat 300 ne a om 2. Sai a tambaya, to ina amfanin akwati na biyu?

Amsa ta farko ta tilas ce. Lasifikokin farko na kamfanin CTS ne, kowacce wajen wat 30 take ɗauka, guda 8 sun tashi wajen 240. Wat 300 a raba wa 8, kowacce ta samu 37.5, ya fi ƙarfinta. A raba wa 16, kowacce ƙasa da 19, ta samu sarari. Ke nan ba don burga aka riƙa sayar da kai ɗaya da akwati biyu ba. Daga baya da lasifikoki suka ƙara ƙwari, Eminence ya zama mai yi musu, sai akwati ɗaya ya wadatar. Na yanzu wat 800 aka rubuta masa. Amsa ta biyu kuwa ta fi amfani ga mai saye a yau. In aka ninka faɗin takardar da ke tura iska, ana samun ƙarin kusan desibel 3 a sautin ƙasa ba tare da ƙara wat ko ɗaya ba. Desibel 3 kuwa shi ne daidai abin da mutum zai samu in ya ninka wat, daga 300 zuwa 600. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Wanda ya fahimci wannan ba zai ɓata kuɗinsa wajen sauya kai mai 350 da mai 500 ba. Ya nemi ƙarin lasifika.

Gwajin farko

A watan Nuwamba na 1969 ƙungiyar Rolling Stones ta fara zagayen Amurka. Yadda masu tarihin Ampeg ke ba da labari, suna cikin atisaye a Los Angeles sai amfilifayoyin da suka zo da su daga Ingila suka lalace a kan matsalar bambancin wutar ƙasashen biyu. Rich Mandella, wakilin Ampeg a can, ya kwaso musu SVT na gwaji, waɗanda ba a ma fara sayarwa sosai ba, ya kuma bi su zagayen yana kula da kayan. Ba Bill Wyman mai bes kaɗai ya yi amfani da su ba, har Keith Richards da Mick Taylor sun jona jitocinsu. An matsa wa kawunan lamba dare bayan dare har bawul ɗin na neman narkewa, ana sauya wannan da wancan. Jerin akwatunan ya tsaya a bayansu a Madison Square Garden a ƙarshen watan, duk makaɗin da ya gani kuma ya san abin da zai nema. Kamfanin har gargaɗi ya riƙa haɗawa da kayan cewa ƙarar na iya lalata ji har abada. Gargaɗin gaskiya ne, ko da yake ya yi wa kayan talla fiye da yadda ya tsorata kowa.

Kamfanin ya sha sauya hannu bayan nan, Magnavox a 1971, St. Louis Music a 1986, LOUD a 2005, Yamaha a 2018, amma lissafin 32, 4 da 2 bai sauya ba.

In aka raba su

Matsala tana farawa ne ranar da makaɗi ya gaji da ɗaukar firij. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma baya ba ya jin wannan magana bayan shekara goma ana hawa bene da kilo 60. Sai ya ce zai riƙe kan, ya nemi ƙaramin akwati.

A ce ya ɗauki SVT-410HE, na Ampeg ɗin dai, mai lasifika 4. Suna ɗaya, launi ɗaya, wat 500 a rubuce, ya fi 300 na kan. A ido komai ya dace. Amma akwatin om 8 ne, SVT kuwa ba shi da wannan giya. Zai yi ƙara, ba za a ji wani abu a take ba, wasu ma sun yi shekaru a haka. Sai dai ƙarfin ya ragu, kuma haɗarin amfilifayar bawul ta wannan ɓangaren yake. In om ɗin akwati ya fi na giya yawa, ƙarfin da ya taru a taransifoma ba ya samun isasshiyar mafita, sai ya koma baya da bolt mai tsanani, wanda kan iya yin tartsatsi a mazaunin bawul ko ya huda rufin wayar taransifomar. Mafi munin wannan shi ne a kunna kai a kaɗa babu akwati sam, ko waya ta zare ana tsakiyar wasa. Taransifomar fita ta SVT kuwa ba kayan da ake samu a kowane shago ba ce. Ni dai ba zan jona SVT da akwati ɗaya mai om 8 in buɗe masa murya ba, ko da wani ya rantse nasa bai taɓa yin komai ba. SVT-410HLF, mai om 4 kuma mai rami, shi ne ya dace da lissafi, sai dai sautinsa daban ne, ya fi zurfi da kauri, bai kai firij tsantseni ba.

Wani sai ya ce a ƙara SVT-15E a ƙarƙashin 410HE ɗin, shi ma om 8 ne, an samu 4 ke nan. Lissafin om ya fita. Amma a duba rabon. Akwati biyu masu om ɗaya raba daidai suke yi, 150 nan, 150 can. Masu inci 10 guda huɗu kowacce ta ɗauki 37.5, mai inci 15 ita kaɗai ta ɗauki 150 cur. Mutane na ɗauka babbar ce za ta riƙe sautin ƙasa, ƙananan su riƙe na sama, alhali babu abin da ke raba musu aiki, duka sauti ɗaya ake aika musu. Babbar ce za ta fara gajiya, ga ta a ƙasa inda makaɗi ba ya jin kukanta. Wannan haɗi ya yi farin jini shekaru da dama, kuma da SVT yana tafiya tunda akwatin wat 200 yake ɗauka, amma akwati biyu iri ɗaya sun fi shi hankali. In kuwa om ɗin ya bambanta, misali 8 da 4, jimilla ta zama 2.67, kuma mai 4 ɗin ne zai sha kashi biyu cikin uku na wutar, ko da shi ne ƙarami.

Akwai kuma wanda ya yi akasin haka, ya riƙe firij ya sauya kai. Kawunan taransista na zamani, musamman masu tsarin da ake kira ajin D, wasu ba su kai kilo 3 ba. Su ba su da taransifomar fita, saboda haka dokarsu a juye take. Ba su damu da om mai yawa ba, ko babu akwati ma ba abin da zai same su. Abin da suke tsoro shi ne om ya yi ƙasa da abin da aka rubuta a bayansu, domin kwararar wuta za ta fi ƙarfinsu, su yi zafi, su kashe kansu ko su ƙone. Ƙarfinsu kuma yana bin om ɗin akwati. Ampeg PF-500 da Markbass Little Mark III duka wat 500 suke bayarwa a om 4, su sauka zuwa 300 a om 8, kuma 4 ne iyakarsu ta ƙasa. Ke nan firij ɗaya ya dace da su sarai. Firij biyu kuwa, abin da aka ƙera SVT dominsa, ya sauka zuwa om 2, ya haramta gare su. Mutum zai ga rami biyu a bayan kan ya ɗauka izini ne. Ramukan na akwati biyu masu om 8 ne.

Game da wat ɗin kansa, ana yawan cewa ƙaramin kai shi ke ƙona lasifika. Rabin gaskiya ce. Lasifika hanya biyu take mutuwa: koyil, wato naɗin wayar da ke motsa takardar, ya yi zafi ya ƙone, ko takarda ta yi tafiyar da ta wuce iyakarta ta yage. In aka matsa wa ƙaramin kai har sautinsa ya fashe, matsakaicin ƙarfin da yake fitarwa yana ƙaruwa, ya kuma haifar da sautin sama mai kaifi wanda ke kashe ƙaramar lasifikar sama in akwatin na da ita. Amma kai mai wat 100 ba zai ƙona firij mai 800 ba ko ya fashe yini guda. Babban kai kuma ba ya kashe akwati sai in mai shi ya ƙi sauraro. Lambar wat da ke jikin akwati zafin da koyil zai jure take nufi, ba ta ce komai a kan tafiyar takarda ba, kuma a sautin ƙasa takarda kan kai iyakarta tun kafin a kai rabin lambar. In aka ji akwati ya fara wani ɓarɓar a tsirkiya mai kauri, ya kai ƙarshensa ke nan, a rage maɓallin bes. Ɗaga wannan maɓalli da desibel 6 daidai yake da neman ninkin wat sau huɗu a wannan zangon. SVT yana da maɓallin sautin tsakiya da ake zaɓar masa zango, Hz 220, 800 ko 3,000 a na asali, kuma nan ne gogaggun makaɗa ke neman a ji su, ba a ƙasa ba.

Waya ma tana cikin haɗin. Ta jita da ta lasifika kan zo da jak iri ɗaya, amma ta jita siririn zare ne a ciki, an yi ta don wutar da ba ta kai bolt ɗaya ba. A tura mata amfiya 9, ko 12 in om 2 ne, za ta yi zafi, tana iya narkewa. In ta yanke a bayan kan bawul, an koma matsalar rashin akwati. In ta haɗe a bayan na taransista, om ya faɗi kusan sifili. Waya mai kauri mai jijiya biyu ake so, gajera, kuma in kayan na da mazaunin Speakon na kamfanin Neutrik, wanda ake murɗawa ya kulle, ya fi jak aminci.

Na hannu

Yawancin irin waɗannan kaya da ke isowa coci-coci, situdiyo da masu hayar kayan sauti a Najeriya na hannu ne, kuma a nan abu biyu ke ƙaruwa a kan lissafin. Na farko wuta. Kan da aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 yake ci a Hz 60, tamu kuwa 230 ce a Hz 50. Sai da taransifoma mai rage wuta, babba ba irin ta injin aski ba, kuma taransifomar cikin kan za ta fi yin zafi a Hz 50, don haka kada a toshe wa fankarsa hanya. A karanta abin da ke rubuce kusa da fiyus kafin a jona komai.

Na biyu shi ne abin da ke cikin akwatin, wanda ba lallai ya zama abin da ke rubuce a bayansa ba. Firij mai shekara 30 da wuya a ce ba a taɓa buɗe shi ba. A ce lasifika ɗaya ta mutu, mai gyara bai samu mai om 32 ba, ya sa mai om 8 wadda girmanta ɗaya, ko ya naɗa sabon koyil a kan 8 yadda ya saba. Jimillar akwatin ta sauka daga 4 zuwa 2.9. Ƙaramin kan taransista mai iyakar om 4 zai riƙa ɗaukewa a tsakiyar wasa, a yi ta zargin janareto. Sabuwar lasifikar kuma tana shan ninkin abin da kowace 'yar'uwarta ke sha sau huɗu, kashi 4 cikin 11 na dukan wutar. Daga wat 300, ita kaɗai ta ɗauki kusan 109, sauran kowacce 27. Ba za ta daɗe ba, a sake naɗa ta, ta sake ƙonewa. In kuwa aka sauya duka 8 da masu om 8 aka bar wayoyin yadda suke, akwatin ya koma om 1, wanda ko SVT ba zai ɗauka ba. Irin wannan sai an sake tsarin wayoyin, a haɗa bibbiyu a sarƙa su ba da 16, sannan a haɗa rukuni huɗun kafaɗa da kafaɗa su dawo 4.

Mitar auna om ta ɗan kuɗi kaɗan tana tona wannan. A jona waya a akwati, a auna bakinta. Mita ba ta nuna om ɗin aiki daidai, takan nuna ƙasa da shi kaɗan: akwati mai 4 zai nuna wajen 3, mai 8 zai nuna tsakanin 5.5 da 6.5. Firij da ya nuna 2 ko ƙasa, an taɓa cikinsa. Wanda ya nuna 4 ko sama, akwai matattu a ciki. Sai a ɗauko batir mai bolt 9 a taɓa bakin wayar na ɗan lokaci ana kallon takardun ta bayan raga. Duka 8 su motsa, kuma su motsa gefe ɗaya. Wadda ta tsaya cik ta mutu. Wadda ta koma ciki alhali sauran sun fito, an juya mata waya, kuma tunda ɗaki ɗaya take da abokiyar zamanta, iskar da wannan ta tura ita waccan ke janyewa, ɗakin nan ba ya ba da bes kuma takardun biyu sun rasa iskar da ke riƙe su. Haka za a gwada akwati na biyu da batir ɗin kafin a jera su, domin akwati biyu masu saɓanin waya sun fi akwati ɗaya ƙarancin bes.